Ƙaramar tocila mai caji da ke haska nesa: tambayoyin da masu saye suka fi yi

Masu gadi, makiyaya, manoman rani masu ban ruwa da dare, masunta, direbobin dogon zango da magidantan da wuta ba ta zama a unguwarsu, kusan tambayoyi iri ɗaya suke yi idan za su sayi tocila. An tattara su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi. Yawancin ruɗanin daga lambobin da ake bugawa a jikin kwali yake fitowa, don haka a kansu aka fi daɗewa.

Wace irin tocila ake magana a kai?

Tocila ce ta ƙarfe, galibi na alminiyam, wadda tsawonta bai cika wuce santimita 12 zuwa 16 ba, tana shiga aljihun riga ko jakar hannu. Ƙwanta LED ne, batirinta na litiyam ne da ake yi wa caji, kuma kanta ya fi jikinta faɗi domin a tattara hasken wuri guda a jefa shi nesa. Ta bambanta da doguwar tocilan roba mai baƙin batir a ciki da ake sokawa a soket ɗin bango, ta kuma bambanta da tsohuwar tocila mai cin manyan batura biyu ko uku. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera ta, irin su Fenix, Nitecore, Acebeam, Sofirn, Wurkkos da Convoy, duk a China suke, haka ma masu yin na bogin. Saboda haka ƙasar da aka ƙera ta ba ta nuna maka komai game da ingancinta.

Mene ne lumen, mene ne kuma kandela?

Lumen shi ne jimillar hasken da ke fita daga tocila, ko ina ya nufa. Kandela kuwa ƙarfin hasken ne a tsakiyar inda aka saita shi. Ka ɗauki tiyon ban ruwa: yawan ruwan da ke zuba shi ne lumen, idan kuma ka danne bakin tiyon da yatsa ruwan ya yi tsiri ya tafi nesa, ka ƙara kandela ke nan alhali ruwan bai ƙaru ba.

Wannan bambanci shi ne tushen duk wata magana a kan nisa. Tocila mai lumen 3,000 da ke watsa haske ko'ina za ta cika tsakar gida da haske amma ta kasa nuna maka abin da ke bakin gona. Wata mai lumen 700 kacal, wadda aka matse haskenta, za ta kai ninki biyu ko uku na nisan ta farkon. Mai sayarwa ya fi son ambaton lumen domin lambar ta fi cika baki. Idan nisa kake nema, kandela za ka tambaya, a takarda ana rubuta ta "cd". Don ka samu abin kwatance, hasken bayan wayar hannu bai cika wuce lumen 50 ba, ƙwan fitilar gaban mota na halojin guda ɗaya kuma yana tsakanin 1,000 da 1,600.

An rubuta mita 800 a kwali. Da gaske zan ga mutum daga mita 800?

A'a, ko da kamfanin gaskiya ya faɗa. Akwai ƙa'idar awo da aka fitar a Amurka a 2009 mai suna ANSI FL1, wadda kamfanonin kirki ke bi. A wannan ƙa'ida, nisan tocila shi ne inda haskenta ya ragu ya koma luks 0.25, wato kwatankwacin farin wata a daren sha huɗu a fili. Kuma ba zuwa ake yi a auna da ƙafa ba, lissafi ne: a ɗauki tushen murabba'in kandela a ninka shi sau biyu. Kandela 40,000 tana ba da mita 400, 90,000 tana ba da mita 600, 160,000 mita 800, 250,000 kuma kilomita ɗaya. Ka lura, kafin nisa ya ninka sau biyu sai ƙarfin ya ninka sau huɗu.

Matsalar ita ce hasken farin wata yana isa ka ga abin da ke gabanka, amma ba ya isa ka tantance abin da ke can nesa, musamman idanunka sun riga sun sha hasken da ke kusa da kai. Don haka ka raba lambar kwali gida biyu idan kana son sanin inda za ka ga cewa akwai wani abu tsaye, ka raba ta gida uku ko huɗu idan kana son sanin inda za ka bambance mutum da kututture, ko sa da jaki. Tocilar mita 800 a aikace ta mita 250 zuwa 400 ce, kuma hakan ma ba ƙaramin nisa ba ne, ya haura tsawon filin ƙwallo biyu. Abin da ke mayar da haske, kamar idon dabba ko allon hanya, shi kam za ka hango ƙyallinsa tun daga nesa sosai.

Me ke sa wata ta fi wata nisa alhali batirinsu iri ɗaya ne?

Abu biyu: faɗin kai da ƙanƙantar ƙwai. Kwanon da ke bayan gilashi, mai sheƙi kamar madubi, shi ke tattara haske. Iya faɗinsa da zurfinsa, iya matsewar hasken. Mai santsi ya fi jefawa nesa, mai ɗan gurji-gurji kamar ɓawon lemo ya fi ba da haske mai laushi na kusa. Tocilar da kanta daidai yake da jikinta, kamar santimita 2.5, galibi tana tsayawa a mita 150 zuwa 300 a takarda. Wadda kanta ya kai santimita 4 zuwa 4.5 tana iya kai 600 zuwa 800 idan ƙwan ya dace. A tocilar LED babu wata dabara da ke tsallake wannan: ƙaramin kai, gajeren zango.

Game da ƙwai kuwa, mutane da yawa suna zaton babba ya fi, ga mai neman nisa kuma akasin haka ne. Ƙwai mai ƙaramar fuska, shimfiɗaɗɗe marar ƙoƙon roba a kansa, irin Luminus SFT40 ko ƙananan Osram, shi ke ba da tsinin haske. Manya irin Cree XHP70 suna ba da lumen mai yawa amma a baje. Akwai kuma wani iri da ake kira LEP, mai amfani da leza a madadin LED, wanda ke wuce kilomita ɗaya da ɗan ƙaramin kai, sai dai haskensa siriri ne kamar sanda, ba ya haska gefe ko kaɗan, ga tsada. Ga aikin yau da kullum ba na ba da shawararsa.

Na ga ƙaramar tocila an rubuta mata lumen 100,000. Ta fi duk waɗannan ke nan?

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma lissafi kaɗan ya isa ya tona ta. Ƙwan LED mai kyau yana ba da lumen 100 zuwa 150 a kowane wat ɗaya na wuta. Lumen 100,000 na bukatar wat ɗari bakwai zuwa dubu, kusan abin da dutsen guga ke ja. Batir ɗaya na tocila duka-duka abin da yake ɗauka bai wuce wat-awa 13 zuwa 18 ba. Akwai tocilar da aka ƙera da wannan ƙarfi, Imalent MS18, amma ƙwai 18 gare ta, da batura takwas, da fanka a ciki don sanyaya ta, nauyinta kuma ya kusa kilo 2.

Ƙaramar tocila mai ƙwai ɗaya da batir ɗaya, iyakarta ta gaskiya lumen 1,000 zuwa 2,500 ce na ɗan lokaci, wasu masu babban ƙwai su ɗan haura haka. Duk kwalin da ya zarce wannan da nisa, sauran abin da ya rubuta ma kada ka yarda da shi, har da na batir da na ruwa.

Me ya sa haskenta ke raguwa bayan minti biyu, kanta kuma ya yi zafi? Ta lalace ne?

Lafiyarta ƙalau. Mafi yawan wutar da ke shiga ƙwan LED zafi take komawa, kuma ƙaramin jiki ba ya iya fitar da zafin wat 20 ko 30. Matakin ƙarshe, wanda ake kira turbo, na ɗan lokaci ne: ka kunna, ka duba abin da ya motsa, ka sauke. Bayan minti ɗaya zuwa uku tocilar da kanta za ta rage ƙarfi don kada ƙwan ya ƙone. Zafin da kake ji a hannu alama ce cewa ƙarfen yana janye zafi daga ƙwan kamar yadda ya kamata. Wadda ta fi ba da tsoro ita ce mai iƙirarin ƙarfi amma jikinta na roba ne, ba ya ɗumi ko kaɗan.

Abin da ya kamata ka nema shi ne hasken da take iya riƙewa ba tare da sauka ba. A irin wannan girma galibi lumen 500 zuwa 900 ne. A watan Afirilu a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda dare ma ba ya hucewa, za ta sauka da wuri fiye da yadda take yi da hunturu.

Awa nawa take yi kafin ta bukaci caji?

Ya danganta da matakin da ka bar ta. Batir mai 3,500 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka, yana ɗauke da kimanin wat-awa 12.6. A lumen 1,000 za ta cinye shi cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. A lumen 300, wanda ya ishi zagayen gida ko garke, za ta yi wajen awa huɗu. A ƙaramin mataki na lumen 10 zuwa 20 tana iya kwana da kwanaki. Mai gadin da ke son ta kai shi asuba sai ya zauna a matsakaici, ya ajiye turbo don lokacin bukata, ya kuma riƙe batir na biyu a aljihu cikin 'yar robarsa.

A nan ma kwali yana da wayo. A ƙa'idar FL1 da aka ambata a amsar nisa, ana ci gaba da ƙirga lokaci har sai haske ya faɗi zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Don haka "lumen 2,000, awa 3" ba ya nufin awa uku a lumen 2,000. Minti biyu ne a sama, sauran a ƙasa, kamar yadda aka bayyana a amsar zafi.

Wane batir ne ya dace, kuma yaya zan gane na jabu?

Lambar batir girmansa take faɗa. 18650 yana da kauri milimita 18 da tsawo 65. 21700 kauri 21, tsawo 70, kuma ya fi ɗaukar caji, kusan 5,000 mAh. 14500 girmansa ɗaya da batirin rediyo na AA, amma ƙarfinsa bolt 3.7 ne ba 1.5 ba, don haka idan ka sa shi a abin da aka yi don AA kaɗai zai ƙona shi. Dukkansu idan sun cika suna kai bolt 4.2. Daga cikin fitattun masu ƙera na ainihi akwai Samsung, LG, Panasonic, Murata wanda ya sayi sashen batir na Sony, da Molicel.

Hanya mafi sauƙi ta gane jabu ita ce lambar da ke jikinsa. Babu 18650 na kasuwa da ke ɗaukar 6,800 ko 9,900 mAh, na ƙwarai a wajen 3,500 suke tsayawa. Sai nauyi: na gaske yana da giram 45 zuwa 50, na jabu sau da yawa za ka ji shi sakayau a hannu. Akwai kuma waɗanda ake cirowa daga tsohon batirin kwamfuta a sake musu riga. Wasu suna aiki, amma ba ka san shekarunsu ba. Ni a ganina rabin ingancin tocila a batirinta yake, kuma gara a sayi matsakaiciyar tocila da batir na gaske da a sayi mai tsada a cusa mata na bogi. Ka fifita wadda ake iya buɗewa a canja batir, domin batirin litiyam yana fara rauni bayan caji 300 zuwa 500, alhali ƙwan da jikin suna da sauran shekaru.

Batirin da rigarsa ta yage, ko ya lotsa, ko ya kumbura, a daina amfani da shi. Kada a jefa shi aljihu tsirara tare da makulli ko sulalla, domin idan ƙarfe ya haɗa bakinsa biyu yana iya kama wuta a jikin mutum.

Zan iya yi mata caji da sola, fawa banki ko a shagon caji?

Duk suna yi, matuƙar bolt 5 na USB ne ke shiga. Batirin 3,500 mAh yana cika cikin awa huɗu a kan amfiya ɗaya, ko awa biyu da ɗan ɗori a kan amfiya biyu idan tocilar na karɓar haka. Wani abu da ke ruɗa mutane: wasu tociloli masu bakin USB-C ba sa caji da waya mai C a kai biyu, sai da mai faffaɗan kai a ɗaya gefen. Kafin ka ce ta mutu, gwada wata wayar.

Babban abokin gabar batirin litiyam zafi ne. Ba a so a yi masa caji idan zafi ya haura digiri 45. Idan da ƙaramin faifan sola kake caji, faifan a rana, tocilar a inuwa. Kada a bar ta a gaban mota da rana, ko a ƙarƙashin rufin kwano, ko ƙarƙashin matashi tana caji. Idan za a ajiye ta na watanni, a bar ta da rabin caji. Kuma kada a riƙa barinta ta mutu murus kafin a sa mata caji, wannan ɗabi'ar tsofaffin batura ce, litiyam cutar da shi take yi.

Wadda ake jan kanta ta zuƙo haske fa? Ba ta fi ba, tunda tana yin nesa da kusa?

Tana da daɗin nunawa a shago, musamman idan aka zuƙo hasken ya zama murabba'i a bango. Amma idan aka ja gilashin gaba, haske mai yawa yana maƙalewa a cikin kai, har rabi ko fiye. Kan da ke zamewa kuma yana shaƙar iska duk lokacin da aka ja shi, ƙura da danshi su bi. Tocila mai kwano tsayayye tana ba ka tsinin haske a tsakiya da kuma hasken gefe a lokaci guda, kuma ta fi ƙarko.

Me ya sa ba ta kai nesa lokacin hazo?

Ƙurar da ke cikin iska tana mayar maka da hasken cikin ido, sai ka ga farin ginshiƙi a gabanka, abin da ke bayansa kuma ya ɓace. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu haka lamarin yake, kuma ƙara ƙarfi ba ya magani, wani lokaci ma ƙara dagula gani yake yi. Abin da ke taimakawa shi ne ka nisanta tocilar daga idonka, ka riƙe ta a daidai ƙugu ko ka miƙa hannu gefe, ka kuma rage mataki. Fitilar goshi ita ta fi shan wahala a hazo saboda tana dab da ido.

Launin haske ma, wanda ake rubuta shi da lamba mai K a ƙarshe, yana da tasiri ga jin daɗin ido. Mai 6500K fari ne fat da ɗan shuɗi, yana burge mai kallo. Mai 4000K zuwa 5000K ya ɗan yi rawaya, ya fi nuna launin ƙasa, ganye da fatar dabba yadda suke, kuma mutane da yawa sun fi samun sauƙinsa a ƙura.

Ruwan sama zai lalata ta?

Duba alamar IP. IPX4 na jure yayyafi da fantsama. IPX7 na jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. IPX8 ya wuce haka, iya zurfin da kamfanin ya faɗa. Idan ka ga IP68, lambar 6 ɗin na nufin ƙura ba ta shiga, wanda a ƙasarmu ya kai maganar ruwa muhimmanci. Masunta da masu aikin fadama su nemi 7 ko 8.

Duk wannan kariyar a kan 'yan zobban roba da ke cikin zaren murfi take, da marfin robar da ke toshe bakin caji. Idan marfin ya tsinke ko an bar shi a buɗe, alamar ta tashi aiki. A riƙa goge zaren da ƙyalle, a shafa ɗan man silikon. Basilin da man inji suna lalata wasu nau'in roba.

Ta dace da tafiya a gona ko cikin ciyawa da dare?

Ba ita ce ta fi dacewa ba, kuma wannan magana ce ta rai. Tocilar nisa tana jan idonka can gaba, tsakiyar haskenta kuma yana kashe ido idan ka haska kusa, alhali haɗarin yana wajen ƙafarka. Kububuwa, wadda ke yawan saran mutane a yankin Kaltungo ta jihar Gombe da sauran ƙasashen savana, da dare take yawo, launinta kuma ya saje da ƙasa. Mai tafiya a ciyawa yana bukatar haske mai faɗi, matsakaici, a taku uku zuwa biyar na gabansa. Idan tocila ɗaya gare ka, zaɓi mai wadataccen hasken gefe, ka sauke ta zuwa matsakaici. Idan da hali, fitilar goshi don ƙafa, ta nisa a hannu don hange, ga takalmi mai rufe sawu.

Ka tuna kuma duk wanda ka hango da ita, shi ya riga ka ganin inda kake. Kada a dalle direba mai tahowa, ko jami'an tsaro a shingen bincike, kuma kada a bar yara su haska wa juna ido da ita.

Na ajiye ta da caji, na dawo na tarar batir ya ƙare, wani lokaci ma ta kunna kanta a jaka. Me zan yi?

Tocila mai maɓalli a gefe tana shan wuta kaɗan-kaɗan ko a kashe take, kuma abu kaɗan ke danna ta. A turbo tana iya ƙona aljihu ko jaka. Ka ɗan kwance murfin gindinta kwata ɗaya na juyi, wutar za ta yanke gaba ɗaya a yawancin masu jikin alminiyam. Idan kuma tana ƙyaftawa ko sai an bubbuga ta, galibi datti ne a bakin batir ko zoben da ke riƙe maɓallin gindi ya saki. A goge, a ɗaure.

Ana barin shiga jirgi da ita, misali zuwa aikin Hajji ko Umara?

Ƙa'idar jiragen sama ita ce batirin litiyam da ba ya cikin na'ura, har da fawa banki, a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin kayan awo ba, kuma a rufe bakinsa. Iyakar da ake bari ba tare da neman izini ba wat-awa 100 ce, batirin tocila bai kai kashi ɗaya cikin biyar na haka ba. Tocilar kanta a kwance gindinta kamar yadda aka faɗa a amsar da ta gabata. Mai kaifin haƙora a baki ko mai shokin lantarki kuwa ana iya karɓe ta a wurin bincike.

Me zan gwada a shago kafin in biya?

Ka buɗe ta ka ga batirin, ka karanta lambarsa, ka ji nauyinsa. Ka murza murfin, zaren kirki yana tafiya sumul kuma za ka ga zoben roba. Ka leƙa ƙwan a kashe, ya kasance a tsakiyar kwano daidai, ba ƙura ko zanen yatsa a ciki. Ka kunna ta a ƙaramin mataki ka kaɗa yatsunka da sauri a gabanta: idan ka ga yatsun sun rarrabu kamar hotuna da yawa, haskenta na ƙyaftawa ne, zai gajiyar da ido. Ka bi matakan ka gani ko sai ka ratsa ta mai walƙiya kafin ka kashe, wannan tsari yana da ban haushi ga mai aiki da ita kowane dare. Ka soka mata caji a gaban mai shagon ka ga alamar ta kama.

Nisa kuwa ba a gwada shi da rana a cikin rumfa, kowace tocila jaruma ce a bangon da ke taku biyu. Ka yi magana da mai kaya cewa za ka gwada ta da dare ka dawo da ita idan ba ta yi ba. Da daren ka sami bishiya ko ginin da ka san nisansa, ka haska shi a turbo, sannan ka bar ta a kunne minti biyar ka sake dubawa. Abin da ka gani a karo na biyu shi ne ƙarfin da za ta riƙa ba ka a wurin aiki.